Sukuru ɗaya ya kafe a injin fatsar Baba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman wanda ya san kan tsofaffin injinan naɗe zaren fatsa.

Na gaji wani Mitchell 300 baƙi, ƙirar Faransa, daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da shi yake kamun karfasa a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari wajen Rayfield, ni kuma ina riƙe masa gwangwanin tana. Ya fi shekara 20 a akwati. Giris ɗin ciki ya daskare kamar ƙaro, da ƙyar hannun yake juyawa.

Sauran sukurorin murfin gefe sun kwance lafiya, ɗaya ya kafe. Kwana uku ina ɗiga masa kananzir, na koma man feshin sassauta tsatsa na WD-40, ko gezau. Yanzu tsagar kansa ta fara cinyewa, shi ya sa na dakata. Wani makaniki ya ce in gasa shi da wuta, amma raina bai kwanta ba. Jikin injin na alminiyom ne, kuma fentin asali zai tashi.

Akwai dabarar da ba za ta ɓata shi ba? Ko wa ya san mai gyaran agogo a nan Jos da zai yi haƙuri da shi?