Musayar Waƙa: Tsohuwar da Aka Kira Musa

Gwaggon Zumunta:
Salama a gare ku. Ranar 10 ga Maris 1913 Harriet Tubman ta rasu a Amurka, tana da shekara wajen 90. Na buɗe da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Uba nake farawa,
Wanda ke kwance sarƙar bawa,
Yau Harriet muke tunawa,
Baiwar da ta zamo 'yantacciya.

A Maryland aka haife ta,
Araminta uwa ta kira ta,
Tana 'yar mitsila aka ba da hayarta,
Raino da bulala tun da safiya.

Wani mai tsaron bayi ya yi jifa,
Ƙarfen awo, wani bawa ya nufa,
Kanta ya samu, kuma har ta tsufa
Barci kan sace ta a tsakar tafiya.

Ɗan Kwaya:
Gwaggo, na karɓa daga gudunta na 1849.

Ta bi dare, ta bi tauraron arewa,
Fadama da kurmi tana ratsawa,
Gidajen masu imani tana fakewa,
Har ta taka birnin Filadelfiya.

Wanda ya kuɓuta daga bakin kura
Ba ya komawa ko don ya gyara,
Ita ko ta tuna dangin da suka saura,
Wajen sau 13 ta koma baya.

Daren Asabar take ɗaga su,
Sai Litinin jarida ta yi cigiyarsu,
Mutum 70, har iyayenta cikinsu,
Ba wanda ya salwanta a kan hanya.

Dokar 1850 ta ce a kamo mai gudu,
Ko yana arewa a mai da shi kudu,
Sai ta miƙa Kanada, can dangi suka haɗu,
Suka ce mata Musa, sun faɗi gaskiya.

Malamin Makaranta:
Ƙanena, ka tsallake zancen bindiga,
Tana tare da ita duk dajin da ta shiga,
In wani ya karaya sai ta ɗaga,
Yaya wannan da koyarwar soyayya?

Kuma wahayin nan da take gani,
Ba raunin kan ba ne na wancan zamani?
Gwaggo, tambaya nake don in sani,
Ba don in rage mata daraja ko ɗaya.

Gwaggon Zumunta:
Malam, wanda ya juya za a kama shi,
Bulala ce za ta buɗe bakinshi,
Ya tona gidan da ya ɓoye shi,
Mutum guda ya jefa goma a wuya.

Raunin kan kuwa, ban musa ba,
Amma ba shi ya koya mata addu'a ba,
Ko baƙi ɗaya ba ta karanta ba,
Uwarta ta zuba mata Littafi a zuciya.

Ɗan Kwaya:
Ku bar ni in ƙara na kogin Combahee, Yunin 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, tana yi wa sojojin arewa jinya da leƙen asiri.

Jiragen ruwan soja suka kutsa cikin dare,
Ita ta san inda nakiya ke tsare,
Bayi sama da 700 suka fito tare,
Da goyo, da tukunya, da ɗan kaya.

Inna Mai Jinya:
'Ya'yana, duk kuna yabon dare da daji. Ni shekaru kusan 50 da suka biyo bayan yaƙin nake kallo, don na yi jinyar tsofaffi, na san nauyin wankan wanda ba ya iya tashi.

Yaƙi ya ƙare, aka riƙe mata albashi,
Ta koma garin Auburn da talauci da bashi,
Tana noma da kiwo don ta rage rashi,
Ƙofarta buɗe ga makaho da maraya.

A 1899 suka ɗan waiwaye ta,
Dala 20 a wata suka yanka mata,
Matar mamaci da mai jinya suka ɗauke ta,
Leƙen asirin nan suka juya wa baya.

Fili ta saya ta ba wa cocinta,
Gidan gajiyayyu shi ne burinta,
Dala 100 kuɗin shiga ya ɓata ranta,
Don talaka ta nufa, ba mai dukiya.

Daji yana da farko, yana da ƙarshe,
Ana fita a ba da labari da harshe,
Jinyar tsoho kuwa ba ta da yaushe,
Kullum kwano, kullum wanki, ba godiya.

Malamin Makaranta:
Inna, kin kai ni inda ban duba ba,
Na tsaya a bindiga, ban ga kwanon ba,
Tambayata dai ban janye ba,
Amma na ajiye ta, na sunkuya.

Gwaggon Zumunta:
A gidan nan ita ma ta zo ta kwanta,
A 1911 ƙarfi ya ƙare mata,
Shekara biyu, ciwon huhu ya kama ta,
Ta ɗauko Yohanna 14 da 'yar murya:

"Zan tafi in shirya muku wuri."