Barin aiki yana gudana a tagar umarni ta Linux

A wata tattaunawa kan yadda za a bar aiki yana gudana bayan mutum ya fita daga tagar umarni, bakin yawancin waɗanda suka tofa albarkacinsu ya zo ɗaya: aikin da zai daɗe, kada ka kunna shi kai tsaye ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa. Da zarar intanet ta katse, siginar SIGHUP, mai sanar da shiri cewa tagar umarni ta rufe, za ta kashe shi.

Mafita ita ce tmux, manhajar da ke riƙe zaman tagar umarni a buɗe ko da intanet ta katse. Fara buɗe zama da `tmux new -s aiki`, ka kunna shirin a ciki. Danna Ctrl-b sannan d ka fita, `tmux attach -t aiki` kuma ya dawo da kai. Tsofaffin hannu sun nace wa screen, wani shiri mai irin aikin tmux wanda ya fito tun 1987. Ni dai tmux ya fi kwanta mini.

An ambaci `nohup` ma, umarnin da ke hana SIGHUP kashe shiri, amma ya fi dacewa da shirin da ba ya jiran amsarka. Abin da shirin ya rubuta yana taruwa a fayil mai suna nohup.out.