Tambaya: Ye Maaya Chesave da Vinnaithaandi Varuvaayaa fim ɗaya ne ko biyu?

Ummi_Gwale:
Salam ƴan uwa masu kallon Indiya, dan Allah a raba mana gardama ni da ƙawata. Na kalli wani fim na Samantha, wanda yaron sunanshi Karthik yana son ya zama darakta, iyayenshi suna haya a ƙasan gidan su yarinyar, ita Jessie kirista ce shi kuma hindu, babanta ya ce sam ba zai yiwu ba. A wanda na gani dai ƙarshe sun yi aure. Ita kuma ta rantse ta maya wai Trisha ce ta fito a Jessie kuma ba su yi aure ba, har kuka ta sha. Labari iri ɗaya, suna iri ɗaya, har waƙoƙin ma da ta kunna min sautinsu ɗaya. To wai wani ne ya saci na wani ko yaya abin yake?

Baban Sadiq:
Wslm ƙanwata. Ku duka kuna da gaskiya, kuma ba sata a ciki. Darakta ɗaya ne, Gautham Menon, ya ɗauki labarin sau biyu a lokaci guda, duka suka fito a 2010. Na yaren Tamil shi ne Vinnaithaandi Varuvaayaa, Simbu da Trisha. Na Telugu shi ne Ye Maaya Chesave, Naga Chaitanya da Samantha, a nan ne ma aka fara sanin Samantha. A. R. Rahman ne ya yi kiɗan duka biyun shi ya sa kika ji sautin bai canza ba, baitocin kawai aka sake rubutawa.

Abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba, mu duk Indiya muke ce musu, alhali kasuwa daban daban ce. Tamil na jihar Tamil Nadu ne, cibiyarsu Chennai. Telugu kuma Andhra Pradesh da Telangana, cibiyarsu Hyderabad, kuma mai jin wannan yaren ba lallai ya ji wancan ba. Kowane ɓangare da jarumansa da magoya bayansu masu zafin kai, to furodusa in yana son cin kasuwa biyu yana da hanya uku: ko ya ɗora murya kawai kamar yadda ake mana fassarar Hausa, ko ya jira fim ya karɓu sannan a sake yinshi daga baya da wasu jarumai, ko kuma tun farko a yi shi da yare biyu, a ɗauki sin da wannan jarumi a sake ɗauka da wancan. Naku na ukun ne.

Ki koma ki duba ƙarshen wanda kika kalla, jaruman da suke fitowa a fim ɗin da Karthik yake haɗawa ai Simbu da Trisha ne. A na Tamil kuma Chaitanya da Samantha ne a wajen. Musanye suka yi.

Zee Damagaram:
Anti Ummi ni ina bayan ƙawarki wlh, na Tamil ya fi. Duk wanda ya bi halin Jessie tun daga farko ya san yarinyar nan ba za ta iya tsallake babanta ba, yau ta ce eh gobe ta ce a'a, a coci ana tsaka da ɗaura mata aure a garinsu can Kerala ta ce ba ta so, amma duk da haka ta kasa bin Karthik ɗin, to ta yaya za a ce min daga haɗuwa a New York komai ya warware? A na Tamil sai da aka nuna mana sun haɗu sun daidaita muka gama murna, ashe wannan duk cikin fim ɗin da ya shirya ne, a zahiri ita ta riga ta yi aurenta. Wannan wajen ne ya karya min zuciya. Na Telugu lallashin ƴan kallo kawai aka yi.

Abba Kwalli:
Haba Zee ai sai ki ce a yi hattara kafin ki zazzage ƙarshen, wasu ba su kalla ba fa 😂 Ni dai ban yarda ba, mutum ya sayi data ya zauna sama da awa biyu sannan a ƙare mishi da baƙin ciki? Kuma Chaitanya da Samantha sun fi dacewa, yarinta ta fi nunawa a fuskarsu, Simbu ya yi min kama da wanda ya riga ya waye da yawa.

Baban Sadiq:
Malam Abba ka samu abokan ra'ayi a Hyderabad kenan, don ana yawan cewa ƴan kallon Telugu sun fi son a tashi da farin ciki. Amma ba kullum ake canza musu ba. 7G Rainbow Colony na 2004, wanda Selvaraghavan ya yi, a Telugu 7G Brundavan Colony, jarumai ɗaya ne Ravi Krishna da Sonia Agarwal, ƙarshen kuma mai ɗaci ne a duka biyun kuma ya karɓu sosai a can ma.

Shi Gautham ɗin ya sake irin haka a 2012, Neethaane En Ponvasantham da Jiiva, Yeto Vellipoyindhi Manasu da Nani, amma wannan karon Samantha ce a duka, kiɗan Ilaiyaraaja. Ita ai ta sha aiki, kowane kuka sau biyu za ta yi shi da yare biyu.

Zee Damagaram:
Yaya to 96 da Jaanu fa, su ma haka ne?

Baban Sadiq:
A'a wannan sake yi ne. 96 ya fito 2018 da Vijay Sethupathi da Trisha, sai 2020 daraktan Prem Kumar ya maimaita shi a Telugu da Sharwanand da Samantha. Kin ga an sake haɗa Trisha da Samantha a rol ɗaya. Ki fara da 96, in kika fara da Jaanu za ki rage wa kanki daɗin.

Ummi_Gwale:
Na gode Yaya Allah ya ƙara sani. Bari in nemo na Trishar da sabtaitil, amma Zee kin riga kin ɓata min shi 😭 akwai wanda ya san ko an yi na Hindi?

Abba Kwalli:
Akwai, Ekk Deewana Tha 2012, Prateik Babbar da Amy Jackson. Kar ki ɓata datarki.