Wai in sakar wa 'yan wasa jefa dayis gaba ɗaya, ni in daina taɓawa?

Ɗan Gwallameji:
Salam 'yan uwa. Ni nake jan wasan D&D na majalisarmu (Dungeons & Dragons, wasan da mai ja ke ba da labari, 'yan wasa kowa da jaruminsa, dayis ke yanke abin da zai faru), mu biyar ne, duk Asabar bayan la'asar a ɗakin wani abokinmu a Yelwa. Satin da ya wuce dodo ya kai wa mayaƙin ɗaya daga cikinmu sara, na jefa dayis mai fuska 20 a bayan kwalin Indomie ɗin da nake karewa da shi, 20 ta fito, wato mugun sara kenan, na faɗa. Wallahi sai mutumin nan ya ce in ɗaga kwalin ya gani. Na ɗaga, 20 ɗin ce, ya yi shiru, amma abin ya tsaya min a rai don tun firamare muke tare fa. Kuma tsakani da Allah ba zan ce ban taɓa coge ba, na taɓa, sai dai don in cece su ne, sau biyu 19 ta fito na ce musu 4 ce. Shi ne na ji an ce akwai tsarin da 'yan wasa ne ke jefa komai har harin dodo ma, mai jan wasa labari kawai yake bayarwa. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Ya lissafin yake?

Na Tunfure:
Wslm. Mu nan Gombe haka muke yi, kuma ba sabon abu ba ne, yana cikin Unearthed Arcana, littafin ƙarin dokokin D&D na bugun 3.5, tun 2004. Juya abin kawai ake yi. Dodo ba ya jefa komai, lamba ɗaya tak gare shi a tsaye, ɗan wasan ne zai jefa mai fuska 20 ya haɗa da makin kariyarsa bayan ya cire 10, in ya kai lambar dodon ko ya wuce to ya kauce. In ya jefa 1, shi ne mugun saran nan da a da sai dodo ya samu 20.

Amma ka kula, littafin cewa ya yi 11 a haɗa da ƙarfin harin dodo, kuma in ka zauna ka lissafa 12 ce daidai. Misali dodo mai +5 da mayaƙi mai kariya 15, a tsohon tsari dodon na buƙatar 10 zuwa sama, fuska 11 cikin 20 kenan, kashi 55. In ka sa 11 lambarsa 16, ɗan wasa da +5 ɗinsa zai kauce da 11 zuwa sama, ya koma rabi da rabi, ka ga ka yi musu kyautar kashi 5 ba ka sani ba. Da 12 lambar 17 ce, sai ya dawo 55 ɗinsa cif.

Yaya Babba:
Ƙanina ni ban goyi baya ba. Kai da bakinka ka ce sau biyu ka cece su, to ranar da ka miƙa dayis ɗin nan ka rufe wa kanka wannan ƙofar. Mutum ya yi wata shida yana raino jarumi ya sa masa suna ya ƙirƙiro masa dangi da gari, sai ɓeran kogo ya kashe shi don hannunsa ya ƙi ranar, kai kuma kana kallo ba yadda za ka yi. Sannan abin da ke ɓoye fa? Ɓarawo na laɓe a bayan ƙofa, da ka ce “kowa ya jefa” ai an gama sanin da wani abu, ko ba su ga komai ba za ka ga kowa ya zare takobi.

Na Tunfure:
Yaya wannan na ɓoyen da sauƙi ai. Kafin mu fara, ana jiran shayi ya nuna, kowa zai jefa sau goma in rubuta a takarda in hargitsa jerin, duk sanda nake son na sirri sai in ɗauki na gaba in soke. Hannunsu ne ya jefa, lokacin ne kawai ba su sani ba. Maganar mutuwa kuma da kake yi, abin da na gani da idona shi ne wanda ya jefa 1 da hannunsa dariya ake yi masa shi ma ya yi, ba ya kallon kowa da zargi. Kamar lido ne, wa ka taɓa gani ya yarda wani ya kaɗa masa?

Maman Twins:
Ni abin da ya fi burge ni ba ma zargin ba ne, zaman banza ne yake ragewa. Da in lokacin dodanni ya zo, shida ne ko bakwai, maigidana na ta jefe-jefe shi kaɗai yana lissafi, ƙannena duk sun koma WhatsApp. Yanzu kowa hannunsa na kan tabarma don bai san wa za a kira ba. In kuma kun gaji da cire 10 da ƙara 12, akwai wasannin da dama haka aka gina su. Numenera na Monte Cook, 2013, mai ja ba ya jefawa, wahalar abu zai faɗa a ninka sau 3, ita ce lambar da ɗan wasa zai kai in ya jefa. Apocalypse World na 2010 ma haka, shi dayis biyu na lido ma sun isa, 10 zuwa sama ka ci, 7 zuwa 9 ka ci amma da asara, 6 zuwa ƙasa sai yadda mai ja ya yi da kai.

Ɗan Gwallameji:
Na gode ƙwarai. Yaya maganarka ta shige ni, amma na lura cetonsu da nake yi ne ma ya jawo zargin, don wanda ya san kana iya ragewa ya san kana iya ƙarawa. Zan gwada ran Asabar da 12 ɗin. Matsala ɗaya, mai fuska 20 guda ɗaya gare mu duk majalisar, shi ma wani ne ya taho mana da shi daga Legas.

Yaya Babba:
To ku dinga miƙa wa juna. Ka dai sa faranti a tsakiya, kar ya gangara ƙarƙashin katifa a dawo ana musun abin da ya fito.