Oyil sil ɗin gaban giyabos na Toploader ya ƙi daina yoyo

Assalamu alaikum. Ina sake haɗa giyabos ɗin Ford Toploader mai giya 4 na motar Mustang ƙirar 1967, kuma abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: man giya na tsatsafowa ta gaba, daidai inda shaf ɗin da ke shiga kuloci ya ratso murfin boris.

Na sa sabon oyil sil (robar da ke hana mai fita), leɓensa mai sifirin na kallon ciki, na shafa masa mai, na naɗe haƙoran shaf da tef don kada su yage shi. Na canza gasket, na tabbatar ramin da mai ke komawa ciki bai toshe ba, notocin ma na shafa musu gam. Boris sabo ne, shaf ɗin ba ya wasa. Duk da haka, da na cika giyabos ɗin da man giya 80W-90 na juya a kan benci, sai ga mai yana gangarowa ta bututun murfin. Na canza wani sil ɗin, ba ta canza zani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wani siririn zane da tsohon sil ya ci a jikin shaf, kewaye da shi. Farce na kama shi. Na goge da sanfefa mai laushi, ya yi ƙyalli amma bai ɓace ba. Ba na son mayar da giyabos ɗin a haka, mai ya lalata mini sabon kuloci.

Shin sa Speedi-Sleeve (siririn zoben ƙarfe da ake sa wa shaf don ya rufe inda ya ci) a kan wannan zanen zai riƙe, ko dole sai na canza shaf ɗin gaba ɗaya? Na gode.