Wanda ya taɓa neman takardar mallakar ƙirƙira kan makullin haƙorin eskabeta, yaya kuka ƙare da mai bincike?

Maiwalda na Suame

Assalamu alaikum jama'a. Shagona yana Suame Magazin a Kumasi, aikina gyaran bokitin eskabeta da waldar adafta, wato ƙarfen da ake waldawa a bakin bokiti haƙori ya zauna a kansa. Na ƙera wani fin na riƙe haƙori wanda ba a buga shi da guduma. Ta gefe ake zura shi, a murɗa da sifana kwata ɗaya, ya kulle. A jikinsa akwai tsagi a karkace, don haka yana juyawa yana jan haƙorin baya har ya matse a hancin adafta. Wani lauya a Akra ya rubuta min takardu, muka shigar ta ARIPO, ofishin nan na Harare mai ba da takardar mallakar ƙirƙira ga wasu ƙasashen Afirka, wanda Ghana take ciki.

To rahoton mai bincike ya iso, kuma babu daɗi. Ya jawo tsofaffin takardun mallaka biyu, ɗaya ta Amurka wadda ta girmi duk yaran shagona, ɗaya ta Ostireliya. A ta farko akwai fin mai murɗawa, a ta biyu akwai makulli mai gangara da yake jan haƙori baya. Wai duk wanda ya san aikin zai iya haɗa biyun, don haka da'awata ta farko, wato bayanin farko na abin da nake neman a mallaka min, ba ta tsaya ba. Ni wallahi ban taɓa ganin takardun nan ba, kuma nawa yana aiki. Lauya ya ce a mayar da amsa kafin wa'adi ya cika, amsar kuma da nata kuɗin. Wanda ya taɓa bi ta nan ya faɗa min gaskiya, a ci gaba ko a haƙura?

Tsohon Bakanike, Aboabo

Wa'alaikumus salam Masta. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Nawa makullin na farantin da ake sa wa leɓen bokiti ne tsakanin haƙora, kuma rahoton farko da aka aiko min bai bar da'awa ko ɗaya a tsaye ba. Ranar har na ce wa lauyana zan naɗe ƙarfen a kwali in aika musu su gwada da hannunsu. Ya yi dariya ya ce mutumin ba zai taɓa riƙe ƙarfenka ba har a gama, takarda yake karantawa. Ba ya tambaya ko naka ya fi ƙarfi, ba ya tambaya ko ka taɓa ganin na wasu. Tambayarsa ita ce: an taɓa bayyana wannan abu a fili, a ko'ina a duniya, kafin ranar da ka shigar? In ba a taɓa ba, shin mai sana'ar zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi daga abin da ke akwai?

Abin da ya cece ni shi ne zama da muka yi da tsofaffin takardun, zane bayan zane. Sai na ga nasu duk ta sama ake cire su, inda ƙasa take cikawa ta daskare, nawa kuwa ta baya ake zare shi, inda ƙasa ba ta bugawa. Lauya ya ɗauko wannan daga cikin bayanina ya shigar da shi a da'awa ta farko, ya rubuta dalilin da ya sa tsofaffin ba su nuna hanyar yin haka ba. Aka amince. Amma da'awa kamar iyakar fili ce: na nemi kadada, aka yanka min fuloti. Wanda ya yi irin nawa ya buɗe ta gefe, ba ni da abin ce masa.

Direban Eskabeta

Ni ban san takarda ba, amma na san fin. A wurin fasa dutse nake aiki, ta wajen Buoho. Masu bincike da za su kwana ɗaya a wurinmu da sun gane me Masta yake magana a kai. Fin na gargajiya, ka sa zoben riƙo a raminsa a jikin adafta, ka ɗora haƙori, ka buga fin ta gefe har zoben ya faɗa a tsagin. Sabo ne, lafiya lau. Da hancin adafta ya fara cinyewa sai haƙori ya riƙa rawa, nauyin da hanci ya kamata ya ɗauka ya koma kan fin, ya lanƙwashe ko ya riƙa zarewa kaɗan-kaɗan. Kana cikin loda tifa ba ka sani ba haƙori ya bi dutse. In ya shiga injin niƙa, to aiki ya tsaya ke nan, don ƙarfen haƙori ba ya niƙuwa, cusawa yake tsakanin muƙamuƙan injin, kuma ciro shi ne aikin da kowa yake gudu.

Cire tsohon fin ma wani yaƙi ne. Garin dutse da ruwa sun daskare a ramin, mutum ɗaya ya riƙe ƙarfen tura fin, ɗaya ya ɗaga guduma. Yaron da nake aiki da shi ɓarɓashin ƙarfe ya tsage masa gira, saura kaɗan ido. Tun ranar ba mai bugawa ba tabarau.

Hajiya Mai Haƙora, Akra

Masta, ni tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka ji haushi. In an ba ka takardar, wa zai tsare maka ita? Ba hukuma ce za ta bi kasuwa tana duba maka ba, kai ne za ka gano mai kwaikwayo, kai za ka kai shi kotu da kuɗinka. Kwantena ɗaya daga Sin ta ishe ta cika Akra da Kumasi da irin fin ɗinka kafin a sa ranar sauraron ƙara. Ga kuɗin sabuntawa kowace shekara, da dala, kowace ƙasa da ka zaɓa da nata.

Ni na taɓa samun wasiƙa daga lauyan wani kamfanin waje kan kayan da na shigo da su. Na tsorata, na ɗauka siffar haƙorin ce laifi. Ashe wannan siffar wa'adinta ya ƙare tun tuni, kowa yana iya zuba ta. Abin da ya jawo wasiƙar shi ne masu zubin sun buga tambarin kamfanin a jikin ƙarfen, wannan kuwa dokarsa daban, ba ya tsufa muddin ana sabunta shi. Na mayar da kayan, na ce a turo min marasa tambari, magana ta mutu. Shi ya sa nake ganin manyan kamfanonin nan, su ESCO da Caterpillar da Hensley, sabon tsarin makulli yana yi musu amfani biyu: ya fi tsohon aminci, kuma wanda ya walda adaftarsu dole ya dawo wurinsu sayen haƙori. Kai kana da adafta da haƙori naka, ko fin kaɗai?

Maiwalda na Suame

Fin kaɗai Hajiya, da ɗan gyara a ramin adafta. Shi ne ma amfaninsa, yana shiga haƙoran da mutane suke da su.

'Yar Nima, ofishin lauya

Sannunku iyayena da yayyena. Ni ba lauya ba ce, akawu ce a ofishin da ake irin wannan aiki, fayiloli ne suke bi ta hannuna. Abin da zan ce ba zai maye gurbin lauyan Masta ba.

Dokar Ghana ta 2003, mai lamba 657, sharaɗi uku ta gindaya: abu ya zama sabo, ya ƙunshi dabarar da ba a fili take ga mai sana'ar ba, kuma a iya amfani da shi a masana'antu. Baba Maiwalda, duba rahotonka da kyau. Yadda ka faɗa, bai ce maka akwai takarda ɗaya da ta ƙunshi komai naka ba, sai da ya haɗa biyu. Ke nan a sharaɗi na biyu ya kama ka, ba na farko ba, kuma wannan shi ne wanda ake iya jayayya a kai. Fayilolin da na ga sun tsira, amsarsu ba ta ce “nawa ya fi kyau” ba. Cewa take: ga matsalar da ake fama da ita, ga abin da takarda ta farko ta koyar, ga dalilin da ya sa in ka ɗora ta biyu a kanta ba za su zauna tare ba, ko kuma za su ba da wani abu daban da nawa. Labarin da Yaya Direba ya kawo na hancin da ya cinye da garin dutse, irinsa ne yake shiga amsa, in dai bayaninka na asali ya taɓo shi.

Nan ne wurin da na ga mutane suna kuka. Ba a ƙara sabon abu bayan an shigar. Duk gyaran da za a yi wa da'awa, sai an nuna layin ko zanen da ya fito daga ciki a takardar farko. Wani bawan Allah ya zo mana da bayani shafi biyu da ya rubuta da kansa, ya ɓoye ainihin sirrin don kada a sace. Da bincike ya zo, abin da zai bambanta shi da na wasu yana kansa, ba ya takarda. Ba yadda aka iya yi masa.

In ta ƙi, akwai ƙaramar takarda ta kayan amfani. Ita ba a neman wancan sharaɗi na biyu, sabunta da amfani kawai, sai dai dokar 2003 shekara 7 ta ba ta, ba sabuntawa, babbar kuwa 20 daga ranar shigarwa. Ka tambayi lauyanka ko ƙofar juyawa zuwa gare ta tana buɗe a fayil ɗinka.

Ga masu niyya nan gaba: kafin ku biya kowa, ku shiga Espacenet ko Google Patents, shafukan intanet na duba takardun mallaka, kyauta ne, ku sa lambar rukuni E02F 9/28. Nan ake tara haƙoran injinan haƙa da makullansu. Ko ba ka jin Turanci sosai, zanen zai yi maka magana. Rukuni ne mai cunkoso, shi ya sa da'awa mai faɗi ba ta cika wucewa ba.

Ɗan Sabon Zango

Maigidana ya yi wani maƙalin adafta mai kyau. Wani yaron shago ya ɗauki bidiyo ana ɗaurawa ana kwancewa, ya sa a Facebook don talla, ba da mugun nufi ba. Daga baya wani ɗan'uwan maigida da ke Jamus ya ce zai zuba kuɗi a nemi takarda a Turai. Lauyan can tambayarsa ta farko ita ce ko an taɓa nuna shi a fili. Da ya ga bidiyon ya ce kada su ɓata kuɗinsu, a Turai abin da ka bayyana da kanka kafin shigarwa shi ma ana lissafa shi a kanka. A Ghana doka ta yi sassauci na wata 12, amma lokacin da aka farga shi ma ya wuce. Yanzu a shagonmu in ana gwada sabon abu wayoyi a durowa suke kwana.

Alhaji Mai Tifa, Asawase

Wani abin da ba a faɗa ba. Ni kayana har Wagadugu da Yamai suke zuwa. Takardar ARIPO ba ta aiki a Burkina Faso, Togo, Kodebuwa ko Nijar, su nasu ofishin OAPI ne a Yawunde. Najeriya kuma ba ta cikin ko ɗaya, nata daban, kuma can ba a yin wannan dogon bincike, in takardu sun cika ƙa'ida ana bayarwa, sai an je kotu a san ƙarfinta. Ƙanena ya samu ta can cikin sauƙi yana ta murna, ni dai na ce masa ya ajiye murnar sai ranar da wani ya ja da shi.

Maiwalda na Suame

Allah ya saka da alheri. Na zauna da takardun biyu kamar yadda Baba na Aboabo ya ce. Fin na Amurkan zare ne da shi mai laushi irin na noti, garin dutse zai cike shi. Na Ostireliyan kuma da guduma ake shigar da gangarar. Nawa tsagi ɗaya ne mai faɗi, kuma ƙarshensa a buɗe yake ta ƙasa, in ka murɗa baya yana tura ƙasar waje. Wannan yana cikin zane na huɗu, kuma lauya ya rubuta shi a bayani, sai dai bai sa shi a da'awa ta farko ba. Amma robar da take hana fin juyawa da kansa na canza ta da sifirin ƙarfe bayan mun shigar, don zafi yana cinye robar. Wannan fa?

'Yar Nima, ofishin lauya

Tsagin yana ciki, ana iya ɗaga shi zuwa da'awa ta farko. Sifirin kuma a duba yadda aka rubuta. In an ce “roba” kawai, ba zai shiga ba, sai sabuwar takarda. In an ce abu mai lanƙwasa ya dawo, misali roba, to akwai magana. Kuma Baba, kada ka ƙara bayanin sifirin a nan.

Hajiya Mai Haƙora, Akra

Ni har yanzu ban ga inda kuɗin zai dawo ba. Amma in tsagin nan da gaske yana fitar da ƙasa, ka ajiye min kwali ɗaya na girman eskabeta mai ashirin tan.

Direban Eskabeta

Masta, na yi magana da mai kula da mu. Ya yarda a ɗaura naka a haƙora biyu na gefe, su ne suka fi shan wuya, na tsakiya a bar musu tsohon fin don a gwada. Sharaɗinsa, a eskabetar da take zuwa bangon dutse za a ɗaura ba mai loda injin niƙa ba, kuma kai ko yaronka wani ya zo duba shi kowace yamma. Mai roba za ka kawo, mai sifirin ka bar shi a shago sai lauyanka ya yi magana. Ka zo da sifanarka, tamu lambobinta sun goge.