Dofamin yana ɗaga jini ne ko saukar da shi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lafiya ku warware min abin da ya ɗaure min kai. Watan jiya an kwantar da kawuna a asibiti jininsa ya faɗi ƙasa sosai, an ƙara masa ruwa leda uku bai tashi ba sai suka zuba wani magani a cikin ruwan, ni da idona na karanta jikin kwalbar, dofamin, nas na zuwa tana auna shi kowane 'yan mintuna har ya fara dawowa hayyacinsa. To jiya kuma ƙanwata mai karatun haɗa magunguna take ce min an koya musu idan dofamin bai aiki yadda ya kamata yana kawo hawan jini. Hajiyarmu shekara shida tana kan maganin hawan jini amlodifin amma awonta bai cika sauka daga 150/95 ba, shi ya sa hankalina ya tashi. Wanne ne gaskiya?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam. Duka biyun gaskiya ne ɗan'uwa, bambancin yana wurin da yake aiki da kuma yawansa. Dofamin sinadari ne mai isar da saƙo a jiki, mutane sun fi sanin na ƙwaƙwalwa, wanda Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya yi bincike a kai har ya samu kyautar Nobel a 2000. Amma ƙoda ma tana yin nata dofamin, daga wani sinadari L-DOPA da take tacewa daga jini. Ran da mutum ya ci gishiri da yawa sai ƙodar ta ƙara yin sa, shi kuma ya hana ta mayar da gishirin cikin jini, sai ya fita ta fitsari ruwa ya bi shi, jijiyoyin ƙodar kuma su saki jiki. Kenan dai yana taimakawa jini ya sauka. Akwai wurare biyar da yake kamawa a jiki, D1 zuwa D5, kuma ɓerayen gwaji da aka cire musu waɗannan sun kamu da hawan jini. A wasu mutanen ma ƙodar tana yin dofamin ɗin amma saƙon baya isa, irinsu gishiri kaɗan ke ɗaga musu jini.
Na kawunka kuwa da yawa aka ba shi ta jijiya, a wannan matakin yana ƙara bugun zuciya ya matse jijiyoyi kamar adirenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin tsoro, dama daga dofamin jiki ke ƙera adirenalin ɗin.

Nas Mai Dare:
Haka ne malam. Kuma yanzu likitoci da dama sun fi son noradirenalin, wani maganin ɗaga jini ɗan'uwan adirenalin, in akwai shi, don dofamin yana rikita bugun zuciya, shi ya sa ka ga ba a barin gefen gadon. Akwai fenoldofam da ke kama D1 kawai, ana saukar da jinin da ya haura matuƙa da shi ta jijiya, amma ni ban taɓa riƙe shi ba. Abin da nake roƙonka, kar ka je kemis neman wani abu wai mai ƙara dofamin ka ba Hajiya, kar kuma ta ajiye maganinta ko kwana ɗaya.

Maman Biyu:
Ni babana levodofa yake sha, wato L-DOPA ɗin nan da jiki ke mayarwa dofamin, saboda ciwon karkarwa na Fakinsan, farkon farawa in ya miƙe daga tabarma jiri ke ɗibansa, sau ɗaya har ya dafa bango. Likita ya ce jinin ne ke faɗuwa in ya tashi tsaye, yanzu sai ya zauna bakin gado tukuna. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ɗan Kurna:
Amin, na gode ƙwarai. Maganar gishirin nan ta taɓa ni wallahi, don miyar gidanmu magi huɗu ake jefawa bayan gishiri, ga kanwa a miyar kuɓewa.

Nas Mai Dare:
To daga nan za ku fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magi da kanwa duk suna cikin lissafin. Ku riƙa auna ta safe da yamma na sati ɗaya kuna rubutawa, ku kai wa likitanta takardar, wataƙila ya ƙara mata magani na biyu ya kuma duba ƙodarta.